Labarin Al'ajabi: Gadon Kakanninmu Mata Da Ya Shiga Littafi

 Yau zancenmu a kan littattafan al'ajabi ne, watau labaran nan na aljannu da dodanni da takubban sihiri da tsuntsaye masu magana, da kuma mutanen da kan zauna su ƙago su. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, a nan Kankiya da Kusada da ƙauyukan da ke kewaye da mu, da wuya a shiga ajin 'yan mata a rasa mai irin wannan littafi a ƙasan jakarta, ko wadda ke karanta shi a wayar yayarta in an koma gida. Wasu ma ba su tsaya ga karatu ba, sun sayi littafin rubutu mai ganye sittin sun fara shirya nasu labarin. Iyaye da yawa in sun gani ransu kan ɓaci, su ce yarinya ta bar karatu ta koma tara ƙarya. Wata uwar takan ƙwace littafin ta yaga, yarinyar kuwa daga ranar sai ta koyi ɓoyewa.

To, kafin a yanke hukunci ya kamata mu ji ta bakin masu sana'ar. Babbansu a ƙasar Hausa shi ne marigayi Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara cikin 1911, ya rasu a Zariya cikin 1981. Ba baƙo ba ne gare mu, domin a Katsina ya yi karatu, a Katsina ya fara aikin koyarwa, a can kuma ya rubuta littafinsa na farko. Ya bar bayani a kan yadda ya yi aikinsa, bayanin kuwa zai amfani uwa da 'yarta baki ɗaya.

YADDA ABIN YA FARA

Cikin 1933 wani Bature mai suna Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, don yaran makaranta su sami abin karantawa. Ya sa gasa a kan haka. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri, su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Na farko da na biyu na ƙane da wa ne, dukansu kuwa malaman makaranta ne a Katsina a lokacin. Imam yana ɗan shekara 22 kacal sa'ad da ya shiga gasar. Duka littattafan nan biyu cike suke da abin al'ajabi. A cikin Ganɗoki jarumin ya fafata da sojan Turawa, daga nan labarin ya kai shi ƙasashen aljannu. A cikin Ruwan Bagaja kuwa Alhaji Imam ya bar gida ya shiga duniya neman wani ruwa mai warkar da cuta.

Cikin 1936 East ya rubuta bayani a wata mujalla ta Turanci a kan yadda gasar ta gudana. Ya nuna cewa wahalar farko da ya sha ita ce shawo kan malamai su yarda aikin ya cancanci a yi shi, domin a ganinsu ba da labarin abin da ba a yi ba wasa ne na mata da yara, bai kamaci mutumin da ake kira malam ba.

Ki tsaya ki duba wannan magana da kyau, 'yar'uwa. Abin da malaman nan suka raina namu ne. Tun kafin a san takarda da injin ɗab'i, kaka ce ke tara jikoki a tsakar gida bayan an ci tuwon dare, ta kawo musu Gizo da Ƙoƙi da Dodo da Botorami. Ita ce ke canza murya in kura za ta yi magana, ita ce ke sanin inda za ta dakata don yara su matso kusa. Har sunan littafin Imam na farko daga bakin tsofaffi mata ya fito, domin Ruwan Bagaja tsohuwar tatsuniya ce. Duk wadda ta tashi a gidan da ake tatsuniya ta san ta: 'yar bora ce aka ɗora wa laifi, aka kore ta ta tafi wanko ƙirgi a ruwan Bagaja, ladabinta ya sa ta dawo da arziki, 'yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya ta dawo da wahala. A tsakar gida yarinya ce mai tafiyar. Da sunan ya shiga littafi sai namiji ya zama matafiyin, namiji kuma ya zama mai ba da labarin. Ba laifin Imam ba ne, a zamanin nan mata 'yan ƙalilan ne aka sa a makarantar boko. Amma haka abin ya kasance, kuma sai da aka shekara fiye da arba'in kafin a buga ƙagaggen labari na mace.

ABIN DA IMAM YA FAƊA GAME DA AIKINSA

Abu na farko da ya burge ni ga Imam shi ne bai ɓoye inda ya samo kayan aikinsa ba. Da aka yi hira da shi bayan ya manyanta, ya faɗi cewa dabarar Ruwan Bagaja daga Maƙamatul Hariri ya koyo ta, littafin nan na Larabci da malamanmu ke karantawa a zaure. A ciki akwai mutum biyu, Abu Zaidu da Harisu, da suke ta haɗuwa a garuruwa dabam dabam. Shi ma sai ya ɗauki mutum biyu, Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, ya sa su suna ta gwada wa juna wayo, amma ya zuba su cikin zaman Hausawa, da sarakunanmu da alƙalanmu da kasuwanninmu.

Bayan gasar, cikin 1936, aka ɗauko shi daga Katsina aka kai shi Zariya ya zauna wata shida. East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya ce ya karanta ya shirya wa yaran Hausawa nasu. Daga nan Magana Jari Ce ta fito, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939, da labarai sama da tamanin. Aku mai ba da labari don ya tsare wani daga fita, tsohuwar dabara ce ta littattafan Indiya da Farisa. Labarin Kalala da Kalalatu, wanda ya ba da yawanmu dariya a firamare, asalinsa tatsuniyar Jamusawa ce ta wata kuku da ta cinye kajin maigidanta. Labarin Sarkin Busa ma daga Jamus ya zo. Amma wa ya taɓa karanta su ya ji ƙanshin baƙunta? Imam ya canza musu suna da tufafi da abinci da karin magana, har suka zama 'yan gida.

Ba Imam kaɗai ya bi wannan hanya ba. Ga Ahmadu Ingawa, wanda sunansa ke ɗauke da sunan garin maƙwabtanmu, ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi cikin 1951. Labarin yaro ne da ya tashi ba ya iya tafiya, waɗansu baƙi suka zo Allah ya ba shi lafiya ta hannunsu, ya zama jarumin da ba a iya ja da shi. Tushen wannan labari a can ƙasar Rasha yake, inda suke da wani jarumi na dauri mai suna Iliya. Sarki Waldima na birnin Kib da ke cikin littafin, shi ne sarkinsu Baladimiya na birnin Kiyef. Dubban yaran Arewa sun karanta shi ba su taɓa zaton daga ƙasar ƙanƙara ya taso ba.

Sai dai akwai iyaka tsakanin aro da sata, kuma Imam ya koyi wannan tun yana saurayi. Da East ya duba rubutun Ruwan Bagaja kafin a buga, ya rubuta masa wasiƙa yana nuna masa wuraren da ya ga an ɗebo daga waɗansu littattafai. Mai aro yakan ɗauki ƙashin labari ya sa masa nama da jini nasa. Ɓarawo kuwa yakan ɗauke shi ɗungum, ya goge sunan mai shi ya rubuta nasa. Ke mai son rubutu, ki riƙe wannan bambanci tun yanzu.

Abu na biyu da Imam ya ambata shi ne wata ƙa'ida da East ya koya masa, cewa kada ya bar mugu ko mazambaci ya rinjayi mutumin kirki a ƙarshen labari, kome ƙarfinsa kuwa. In kin tuna Magana Jari Ce za ki ga haka abin ya tafi. Mugun Waziri ya ƙulla makircinsa ya gaji, amma ɗan tsuntsu mai baki ya warware shi. Wannan ƙa'ida kuwa kakanninmu sun riga East saninta, domin ita ce ta raba 'yar bora da 'yar mowa.

Akwai abu na uku wanda ke cikin littafin kansa. A littafi na uku aku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa yadda ake ba da labari, yana yi masa gyara in ya kauce. Watau Imam yana gaya mana cewa ba da labari sana'a ce da ake koyo, kamar saƙa ko kitso, kuma mai koyo sai ya jure gyara.

SHIGOWAR MATA

Cikin 1980 Kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, bayan wata gasa da kamfanin ya shirya. Shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta fitar da Hausa. Daga nan ƙofa ta buɗe. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta fitar da Budurwar Zuciya cikin 1987, sa'an nan Alhaki Kuykuyo Ne cikin 1990. Wannan na biyun har an fassara shi da Turanci an buga a Indiya cikin 2012. A jiharmu ta Katsina kuma ga Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa.

Amma in kin lura, yawancin abin da matan nan suka rubuta a kan soyayya ne da zaman aure da kishi da ilmin 'ya mace. Sun yi daidai, domin nan ne ƙaya ke sukarsu. Fagen yaƙi da aljannu da birane na sihiri kuwa sai maza suka fi riƙe shi, irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih na Kano. Sai da wayar hannu ta yawaita sa'an nan aka fara ganin mata da dama suna shirya labaran aljannu suna watsawa. Saboda haka yarinyar da ta zauna tana ƙago labarin macijiya ko na rijiya mai magana ba wani baƙon abu ta jawo ba. Sana'ar kakarta ce ta komo hannunta.

A waɗansu ƙasashe mata sun yi nisa a wannan fage. A Ingila wata mata mai suna J. K. Rowling ta rubuta labarin Harry Potter, yaro maraya da ya shiga makarantar masu sihiri. Kamfanoni goma sha biyu suka ƙi karɓarsa kafin ɗaya ya buga cikin 1997, bugun farko kuwa kwafi 500 ne kawai. Har ma aka nemi ta sa haruffan farko na sunanta maimakon cikakken suna, wai don kada yara maza su ƙi saye in sun gane mace ce. Ga kuma Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne aka haife ta a Amurka. Ta ci kyautar Wole Soyinka cikin 2008, kuma ɗaya daga cikin littattafanta, The Shadow Speaker na 2007, a ƙasar Nijar ta kafa labarinsa cikin shekarar 2070. Ki duba, wata daga Amurka ta zo maƙwabtanmu ta ɗebi kayan labari, alhali mu da ke zaune kusa muna ganin ba mu da abin faɗa.

WAHALAR FITAR DA LITTAFI

Rubutu daban, bugawa daban. A zamanin Imam hukuma ce ke ɗaukar nauyin kome. Hukumar Talifi ta fara, Kamfanin Gaskiya ya biyo cikin 1945, sai Hukumar NORLA a shekarun 1950, sa'an nan NNPC cikin 1966. Akwai mai duba rubutu, akwai mai gyara, makarantu kuma na saye. Amfanin wannan shi ne littafi kan fito da tsabta. Illarsa kuwa ƙofar ƙarama ce, mutum kaɗan ke shiga.

A shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta. Sai matasa a Kano da sauran garuruwa suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu, su kai ƙananan maɗaba'u, su raba labari kashi biyu ko uku don kuɗin na ɗaya ya buga na biyu. 'Yan kasuwa su sara su kai garuruwa, masu haya kuma su ba da haya. Wannan ya ba mata dama ƙwarai, domin ba sai an san wani babba ba. Amma ba mai gyara, shi ya sa kurakuran rubutu suka yi yawa, mai kyau da maras kyau suka cakuɗe. Koke-koke suka taso daga iyaye da malamai, har cikin 2007 aka ƙona littattafan hikaya a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Wutar ba ta hana karatu ba. Ba a daɗe ba ma labaran suka bar takarda suka koma cikin waya, inda ashana ba ta kaiwa.

Yanzu yarinya tana iya rubuta labari a ɗakin uwarta a Kusada, kafin gari ya waye an karanta shi a Maraɗi da Kumasi da Jidda, ta WhatsApp ko Facebook ko Wattpad. Sai dai sauƙin ya zo da nasa ciwon. Marubuciya takan sa kuɗi kaɗan ga mai son karanta labarinta, mutum ɗaya ya biya, sa'an nan ya tura wa mutum ɗari kyauta. Wani kuma ya ɗauki labarin ya karanta da murya ya sa a YouTube yana samun kuɗi, mai shi ba ta san an yi ba. Ya kamata ki sani cewa dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu cikin 2023, tana kare labari tun daga ranar da aka rubuta shi, har iyakar ran marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa. Ke ma mai karatu, in an turo miki littafin da kika san na sayarwa ne, ki tuna gumin wata ne.

Akwai kuma hanyar gasa, wadda ita ce ta fito da Imam da Hajiya Hafsatu. Cikin 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata zalla, wadda ta fara cinyewa kuwa 'yar Jihar Katsina ce, Aisha Muhammad Sabitu, da labarinta mai suna Sansani.

SILIMA DA ABIN YAYI

Ba a raba marubuci da abin da zamaninsa ke yayi. Imam ya sha daga littattafan da ke hannun mutane a lokacinsa. Cikin 1969, shekarar da 'yan Amurka suka sauka a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wata halitta ta ɗauki yaro mai suna Kilba ta zaga da shi sararin samaniya. Iyayenmu sun ga finafinan Indiya irin su Nagin na 1976, na macijiya mai rikiɗa ta zama mace. Cikin shekarar nan ta 1976 aka mai da Shaihu Umar fim. Daga baya aka nuna Magana Jari Ce a talabijin. Da finafinan Hausa na kaset suka kunno kai a Kano, daga Turmin Danya na 1990, har tatsuniyar Daskin Da Riɗi sai da aka yi fim ɗinta. Saboda haka in kin ga alamar fim a labarin 'yarki kada ki yi mamaki.

Inda gizo ke saƙar shi ne a ɗauko baƙon abu a kasa mai da shi ɗan gida. Nakan karanta abin da 'yan mata ke rubutawa, sau da yawa sai in tarar da gimbiya mai sunan da ba a taɓa ji ba, a wani birni da ba shi da kasuwa ba shi da rijiya, mutanensa ba sa cin tuwo ba sa gaisuwa. Fadar daga fim aka ɗauko ta, tufafin daga fim, har kukan ma irin na fim ne. Mai karatu ba ya jin tsoron dodon da ke zaune a inda bai sani ba. Amma a ce dodon yana cikin tsohuwar kukar da ke bayan gari, wadda kowa ke ratsewa in magariba ta yi, ko a ce wata tsohuwa ta tare motar haya a kan titin Kano zuwa Katsina da tsakar dare ta biya kuɗin mota da wuri irin na dā, nan take gashin jiki zai tashi. Ruwan Bagaja ma daga Kwantagora ya fara, garin da ake iya zuwa a gani, kafin ya kai mu inda ƙafa ba ta zuwa.

Wani abu kuma da tatsuniya ta fi yawancin finafinai sani shi ne, kowane abin al'ajabi yana da sharaɗi. 'Yar bora da aka ba ƙwai, an gaya mata inda za ta fasa shi da inda ba za ta fasa ba. Sharaɗin nan shi ne ke riƙe da labarin, shi ne kuma ke gwada halin mutum. In jarumarki tana da zoben da ke yin kome a kowane lokaci ba tare da ta biya kome ba, to, labari ya mutu, domin ba abin da za a ji mata tsoro.

GARE KI UWARGIDA

Na san abin da ke damunki, kuma damuwar ba ta banza ba ce. Kina tsoron batsa, kina tsoron labarin da zai ɗaukaka boka ya sa yarinya ta ga kamar a wurinsa biyan bukata yake, kina kuma tsoron karatun jarrabawa ya sha kashi. Lalle akwai littattafan da ba su dace da yarinya ba, musamman a waya inda ba mai tacewa. Maganin abin shi ne ki san abin da take karantawa. Ki ce ta karanta miki da ƙarfi kina tsintar shinkafa ko kina tankaɗe. In ba ki yi boko ba wannan bai hana ki ba, domin kunnenki ya fi nata sanin labari. Ki auna shi da ma'aunin Imam: wa ya yi nasara a ƙarshe, kuma da me ya yi ta? Labarin da yarinya ta kasa karanta wa uwarta da ƙarfi, ita da kanta ta san matsayinsa.

Ki yanka mata lokaci, aikin makaranta da na gida tukuna, labari daga baya. Amma kada ki ɗauka lokacin ya tafi a banza. Mu da ke koyarwa muna gani a aji, yarinyar da ta saba karatun labari ta fi saurin karatu, ta fi iya insha'i, kuma ba ta tsoron doguwar takarda ranar jarrabawa. In kuma kina da tatsuniyoyin da kika ji wurin kakarki, ki ba ta su. A gidaje da yawa talabijin da waya sun cinye hirar dare, abin da ba a faɗa ba kuwa yakan bi mai shi kabari.

GARE KI 'YAR MAKARANTA

Ki fara da karatu. Ki nemi Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce da Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi, ki karanta su sau biyu, na farko don daɗi, na biyu don ki ga yadda aka ɗinka su. Ki nemi Tatsuniyoyi Da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Sa'an nan ki je wurin tsofaffin gidanku da littafin rubutu, ki roƙe su tatsuniya, ki rubuta yadda suka faɗa.

Ki fara da gajeren labari ki kai shi ƙarshe, ya fi ki fara dogo ki bar shi a hanya. Ki kula da ƙa'idar rubutu, ki bambanta ƙ da k, da ɗ da d, da ɓ da b, domin ƙafa daban kafa daban. In kin gama ki kai wa malamar Hausa ta duba, in ta ja jan biro kada ki yi fushi, Imam ma an yi masa gyara. Ki ajiye rubutunki na asali da kwanan wata a jiki, shi ne shaidarki in wani ya ce nasa ne. Kada ki tura wa wanda ba ki sani ba labarinki ko hotonki ko kuɗi don ya ce zai buga miki, kuma duk wata yarjejeniya a yi ta da sanin iyayenki, a rubuce. Kada ki sa rai da kuɗi tun farko, marubutan Hausa da yawa suna da wata sana'ar da suke ci da ita. Imam kansa malamin makaranta ne, daga baya ya zama editan farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin 1939.

Ina roƙon shugabannin makarantun 'yan mata na yankinmu su ware ko da awa ɗaya a mako don ƙungiyar masu rubutu, a kuma sa littattafan nan a ɗakin karatu inda yara za su iya ara. Duk wadda ta rubuta tatsuniyar da ta ji a gida, ko ta ƙago nata gajeren labari, ta aiko wa wannan fili tare da sunan makarantarta da ajinta. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba su ilmi mai amfani. Sai mun sake saduwa.